Alƙalami da Ƙuri'a: Wanne Ya Riga Zuwa Hannun Mace?

'Yan uwana mata, matan aure da 'yan mata, musamman na ƙasarmu ta Lautai, tun daga cikin garin Gumel har Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Na san yawancinku kun saba ganin sunana ne a bangon littafin soyayya. To yau ba labarin saurayi da budurwa na kawo muku ba, ko da yake in kun yi haƙuri kun bi ni, za ku ga ba mu yi nisa da can ɗin ba.

Abin da ya jawo wannan rubutu kuwa shi ne, wata damina ɗakin mahaifinmu marigayi ya yi yoyo, muka fito da tsohuwar adakarsa don a shanya kayan ciki. A ƙasan adakar nan na tarar da littattafan da ya yi karatu da su tun yana firamare, duk sun yi ja, gara ta ci gefen wasu. Na ɗauko su na riƙa karanta wa kakata, wadda muke kira Inna, da daddare bayan an ci tuwo, saboda ita ba ta yi boko ba amma akwai ta da son labari. Ranar da muka gama Jiki Magayi sai ta yi shiru, can ta ce, "Ke 'yar nan, ita Zainabun da aka yi wannan bala'in duk a kanta, wa ya bi ta kanta?" Na buɗe baki zan ba ta amsa, na rasa ta cewa.

Bari in ɗan koma baya saboda waɗanda ba su san asalin littattafan nan ba. A shekarar 1933 ne wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke shugabantar hukumar fassara da ke Zariya, ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar da har gobe ake kira iyayen ƙagaggen labarin Hausa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Duka biyar maza ne suka rubuta, kuma ba abin mamaki ba ne, don a lokacin matan da suka zauna a benci a Arewa ba su taka kara sun karya ba.

Ni fa ba zan zagi littattafan nan ba, daga gare su na koyi yadda ake ƙulla labari. Har yau in na tuna rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe sai na yi dariya ni kaɗai. Amma tambayar Inna ta sa na sake karanta su da wani ido daban. A Ruwan Bagaja mata kamar zango ne a hanyar matafiyi, a sauka a wuce. A Jiki Magayi, Abubakar yana son Zainab, attajiri Malam Shehu ya shiga tsakani da dukiyarsa ya aure ta, daga nan labari ya bi Abubakar cikin daji yana neman abin ramuwa, har masifar ta sauka a kan yaron da aka haifa, wato Kyauta. Baƙin cikin wanda aka ƙwace wa budurwa shi ne ya cika littafin. Ita wadda aka ɗauka daga wannan hannu aka kai wancan, nata zafin ba shi aka zo auna ba.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne Shaihu Umar. A duk littattafan nan biyar ban ga mai ƙarfin zuciya kamar mahaifiyar Umar ba. An sace mata ɗa, ba ta zauna tana kuka a ɗaki ba, ta fita nemansa ita kaɗai, aka yaudare ta aka sayar da ita, ta ƙetare hamada cikin bauta har ƙasar Larabawa, kuma ba ta bar duniya ba sai da ta sa shi a ido. Wanda ya ƙaga wannan mace ya san abin da mace za ta iya. Amma kuma shi ne ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957, kuma jam'iyyarsa ta NPC, mai alamar fartanya, ita ce ta tsaya kai da fata a kan cewa lokaci bai yi ba da matan Arewa za su jefa ƙuri'a. Sardauna Ahmadu Bello ma ya faɗi haka a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1962, cewa wata rana za a kai can, amma a lokacin abin ya saɓa wa al'ada da ra'ayin yawancin mazan yankin. Ba ina cire musu darajarsu ba ne, Allah Ya jiƙansu, sun yi wa Arewa aikin da har yau muke cin moriyarsa. Sai dai gaskiya ɗaya ce: macen da aka yarda a takarda za ta iya ƙetare Sahara, ba a yarda ta taka zuwa ƙofar gidan dagaci ta jefa takarda a akwati ba.

To ga wani abin da ya ba ni mamaki. A shekarar nan ta 1933 da ake gasar littattafai a Zariya, a cikinta aka haifi yarinyar da za ta tayar da wannan magana, kuma a Zariyar ta tashi. Sunanta Hajaratu, ana ce mata Gambo saboda ta biyo bayan tagwaye. Mahaifinta mutumin Gana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo shi, mahaifiyarta Banufiya. Karatunta bai wuce firamare ba, ta tashi marainiya, aka yi mata aure tana da shekara 13. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, jam'iyyar su Malam Aminu Kano mai alamar tauraro, ta shiga tun tana yarinya ɗanya, ta zama shugabar mata a Sabon Garin Zariya. Kirarin jam'iyyar shi ne Sawaba, daga nan sunan ya bi ta har kabari.

'Yar uwa, kada ki ɗauka siyasar wancan lokacin irin ta yanzu ce ta anko da kiɗan DJ. A zamanin En'e, alƙali da 'yan doka da gidan yari duk a hannun sarauta suke, sarauta kuwa tana tare da jam'iyya mai mulki. Namiji ma in ya ce shi ɗan NEPU ne sai ya shirya wa ɗauri, balle mace. Duk wadda ta fito taron siyasa sunanta karuwa, ko da kuwa da igiyar aurenta uku. Gambo ta zo Kano tana shiga gida-gida tana yi wa matan kulle bayani, aka kama ta aka kai gaban alƙali, aka ɗaure ta wata uku, daga baya aka kore ta daga garin. Masu rubuta tarihinta sun ƙirga ɗauri 16 da ta sha a rayuwarta. An yi mata bulala, an aske mata kai da fasasshiyar kwalba, 'yan banga sun taɓa yi mata dukan kawo wuƙa suka yar da ita a daji suna zaton ta mutu. Duk wannan bai sa ta yi shiru ba. Ta je har Abekuta wajen Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta jagoranci matan Egba a rigimar haraji, don ta ga yadda ake haɗa kan mata. A 1956 kuma ta ja ayarin mata zuwa ofishin Firimiya a Kaduna suna neman a ba su ƙuri'a.

Kuma kada a ce maza duka suna gefe guda. NEPU ta sa 'yancin zaɓen mata cikin manufofinta, Malam Isa Wali kuma ya yi rubuce-rubuce a jaridar Nigerian Citizen a 1956 yana kawo hujja daga cikin addini cewa yawancin abin da ake danne mace da shi al'ada ce. Ai mu da muka san tarihin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da jajis ɗinta da take naɗa wa malfa ta tura ƙauyuka su karantar da mata, ba ma buƙatar a zo daga waje a gaya mana mace tana da kai.

Duk da haka aka yi zaɓen tarayya na 1959, wanda ya kai ƙasar ga samun mulkin kai, matan Kudu suka jefa ƙuri'a, matan Arewa suna cikin gida. Matan jihar Gabas ma tun 1954 suka fara. Ƙasa ɗaya, majalisa ɗaya, amma ta Inugu tana da murya, ta Gumel ba ta da ita.

A nan ne Inna ta ba ni labarin da ban taɓa gani a littafi ba. Ita 'yar Maigatari ce, kun kuwa san Maigatari, in kika yi taku kaɗan kin shiga Nijar. Yayarta da suke ciki ɗaya aka kai ta aure wani ƙauye ta wajen Dungas. Faransa ta yi wata doka a 1956 da ta ba duk baligi ƙuri'a a ƙasashen da take mulka, mace da namiji. Saboda haka da aka zo ƙuri'ar raba gardama ta watan Satumba 1958, wadda aka tambayi mutane ko su ci gaba da zama da Faransa ko a'a, yayar tata ta je ta jefa. A can ma akwai jam'iyyar da ake kira Sawaba, ta Jibo Bakari, ita ce ta ce a ce a'a, amma masu cewa i suka rinjaya. Inna ta ce ranar wata Alhamis ta kasuwar Maigatari yayar ta zo gida tana ba su labari, su kuwa suka kewaye ta suna dariya, suna ce mata, "Yaya, ke kuma me ya haɗa ki da sha'anin maza?" Uwa ɗaya uba ɗaya, harshe ɗaya, addini ɗaya, malamansu ma ɗaya, amma ta hayin can ta riga ta hayin nan da kusan shekara 20. Tun da na ji wannan labari na daina yarda in an ce wai addini ne ya hana. In da shi ne, ai da ya hana a Dungas.

Abin bai zo ba sai a hannun soja. Gwamnatin Janar Obasanjo ce, a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ta buɗe wa matan Arewa ƙofar zaɓe, tsarin mulkin 1979 kuma ya tabbatar da ita ga duk wanda ya kai shekara 18. Inna ta ce ranar zaɓen shugaban ƙasa, 11 ga Agusta 1979, ta ɗaura atamfarta ta sallah, ta bi layin mata tana rawar jiki kamar wadda za a kai ɗakin miji. Lokacin muna cikin Jihar Kano, don sai 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jigawa. Na tambaye ta wa ta zaɓa, makulli ko gida da masara? Ta ce, "Kakanki ma ya tambaya bai ji ba, sai ke?"

Akwai kuma tamu ta kusa da ya kamata 'yan matanmu su sani, Hajiya Laila Dogonyaro, haifaffiyar Garun Gabas ta ƙasar Haɗeja, nan maƙwabtanmu. Ita ma an aurar da ita tana ƙarama. Tana cikin waɗanda suka riƙe Jam'iyyar Matan Arewa da aka kafa a 1963, daga baya ta shugabanci majalisar ƙungiyoyin mata ta ƙasa baki ɗaya, ta rasu a 2011. Hanyarta daban da ta Gambo, ita ta cikin gidan masu mulki ta bi, da lallashi da buɗe makarantu. Wasu na ganin ta farkon ce jaruma, ta biyun 'yar gata. Ni dai a ganina da mai tura ƙofa daga waje da mai zare sakata daga ciki, aiki ɗaya suka yi.

Yanzu mu dawo kan littafi, don a nan tambayata take. A ƙasar Ingila alƙalami ne ya riga ƙuri'a. Charlotte Brontë ta fitar da Jane Eyre a 1847, labarin marainiya matalauciya da ta ƙi zama da namijin da take so saboda sharaɗin zaman bai yi daidai da mutuncinta ba. Ita kanta marubuciyar sai da ta ɓoye a bayan sunan Currer Bell don kada a gane mace ce. Matan Ingila sun yi shekara 70 suna karanta irin waɗannan littattafai a ɗakunansu kafin a ba waɗanda suka kai shekara 30 ƙuri'a a 1918, sannan aka daidaita su da maza a 1928. Amurka ta bayar a 1920, Faransa sai 1944. Wato su can, mace ta daɗe tana cewa a'a a cikin labari kafin ta faɗe ta a akwati.

Mu kuwa namu a juye ya zo. Gambo ba littafi ta karanta ta fito ba, auren ƙuruciya da maraici da abin da ta gani da idonta su suka fito da ita. Sai da ƙuri'a ta zo hannu sannan alƙalami ya biyo baya, kuma ku duba yadda suka zo kusa da juna. An yi zaɓe a 1979, a 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, ƙagaggen labarin Hausa na farko da aka buga na mace, shekara 47 bayan gasar East. Labarin Boɗaɗo ne, 'yar Fulani da ta tsaya a kan wanda take so duk da danginta ba sa so. Daga nan sai ƙofa ta ɓalle. Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar Janar Murtala, wadda ita ma aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙarama, ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. A na ƙarshen nan, Abu da aka hana karatu aka ba tsoho, ita ce ta gudu ta nemi ilimi ta dawo ana neman alfarma a wajenta. Anti Bilki Funtuwa ta biyo da Allura Cikin Ruwa. Ga amsar tambayar Inna nan ta fito bayan rabin ƙarni: an sami masu bi ta kan Zainabu.

An zagi littattafan nan ba kaɗan ba, an ce adabin kasuwa ne, an ce suna ɓata tarbiyya. Ni ina cikin masu rubuta su, kuma na san akwai shirme a wasu, har da nawa na farko da yanzu nake jin kunyar a tuna mini. Amma abin da masu zagin ba su lura da shi ba, ko kuma sun lura shi ne ma ya dame su, duk littafin soyayya magana ɗaya yake yi: a tambayi yarinya kafin a yanke hukunci a kan rayuwarta. To mene ne zaɓe in ba wannan ba?

Sai dai a nan ne zan kama kaina da laifi. Na ƙirga littattafan da na rubuta na kai maɗaba'a a Kano da kuɗin adashena. Taurarina sun zama likitoci, sun zama lauyoyi, sun auri masu kuɗi, sun ci galaba a kan kishiya da uwar miji. Ba ko ɗaya da na tsayar takarar kansila. In ɗan siyasa ya shigo labarina, to mijin tauraruwa ne ko babanta. In mace 'yar siyasa ta shigo, sai in ga hannuna da kansa ya sa mata taunar cingam da yawon otal, wato sunan nan da aka kira su Gambo da shi a 1950 ni ma na sake liƙa mata. Na karanta littafin Mariyama Ba ta ƙasar Sanagal a sakandare, wanda ya fito a 1979, na ga yadda Ramatulaye tana cikin takaba ta ƙalubalanci ɗan majalisar da ya zo neman aurenta a kan ƙarancin mata a majalisarsu, na ci jarrabawa a kai, amma ban ɗauki darasin ba.

Halin da ake ciki kuma ba ɓoyayye ba ne. Malam Aminu Kano ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiyarsa a takarar 1983, Allah Ya karɓi ransa a watan Afrilu kafin zaɓen. Shekara 40 bayan haka, a zaɓen 2023, majalisar dokokin Jigawa mai kujera 30 ba mace ko ɗaya da ta shiga. Majalisar dattawa mai kujera 109 mata huɗu ta samu. A ranar 1 ga Maris 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurorin da suka nemi a ware wa mata kujeru. Har yau ba a taɓa zaɓen mace gwamna a Nijeriya ba. Maƙwabtanmu na Nijar nan ma sun sake riga mu: ranar 13 ga Mayu 1991 matansu suka cika titunan Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa, aka ƙara musu kujeru, a shekarar 2000 kuma aka yi dokar ware musu kaso.

Alhali kuwa duk wadda ta taɓa zuwa rumfar zaɓe a Gagarawa ko Sule Tankarkar ta san layin wa ya fi tsawo. Mu ne da goyo, mu ne a rana tun hantsi. Kuma ba zan ɓoye muku ba, akwai zaɓen da wata shugabar mata ta shigo gidanmu da daddare da taliya ƙulli biyu da sabulu da turmin atamfa mai hoton ɗan takara, na karɓa, na kuma dangwala inda aka ce. Ban san manufarsa ko ɗaya ba. Ya ci, rijiyar burtsatsen unguwarmu ta lalace ta shekara biyu ba wanda ya leƙo, ni da 'ya'yana muna sayen ruwa a wajen 'yan garuwa. Kuɗin ruwan wata ɗaya ya fi kuɗin taliyar nan. Ba na zagin wadda yunwa ta sa ta karɓa, na san yadda gida yake in ba a ɗora tukunya ba. Ni dai ba yunwa ce ta sa ni ba, kuma na san labarin kwalbar da aka aske kan Gambo da ita.

Hajiya Gambo ta rasu a watan Oktoba 2001. Akwai babban asibiti da sunanta a Zariya, akwai ɗakin kwanan ɗalibai mata da sunanta a Jami'ar Bayero. Na tambayi ƙanwata da ta kwana shekara biyu a ɗakin nan ko ta san wace ce, ta ce ta ɗauka matar wani gwamna ce.

Littafin da nake rubutawa yanzu, tauraruwar malamar firamare ce a wani ƙauye ta wajen Maigatari, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, ta ce za ta nemi kansila saboda rijiya. Na kai babi na bakwai, inda kawunta ya tara dangi a zaure a kan maganar. Mai shagon da ke karɓar littattafaina ya duba ya ce, "Hajiya, wannan ba zai tafi ba, ki sa mata saurayi mai mota." Na ce masa zan sa mata saurayin, amma fom ɗin takara ta riga ta saya.